Bashin kasuwa: abin da ya kamata ɗan kasuwar Bauchi ya sani kafin ya kai ƙara

A Kasuwar Wunti da ta Muda Lawal da ke birnin Bauchi, kaya masu yawa kan fita daga rumfa ba tare da an biya ko sisi ba. Dillali ya san mai saye, mai saye ya san liman ɗin unguwarsu, shi ke nan an ɗaure ciniki da fatar baki. Wannan amana ce ke riƙe da ƙananan sana'o'i, kuma ita ce ke jefa su cikin rigima a ranar da aka saɓa alkawari.

Abu na farko da mai bin bashi kan yi shi ne ya garzaya ofishin 'yan sanda. A nan kuskuren yake. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 da Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuffuka ta 2015 duk sun hana a kama mutum saboda saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Kotunan Nijeriya sun sha faɗa cewa 'yan sanda ba masu karɓo wa jama'a bashi ba ne. Wanda ya sa aka tsare abokin cinikinsa na iya wayar gari an maka shi a kotu kan tauye haƙƙi, har a umarce shi ya biya diyyar da ta zarce kuɗin da yake bi. Lamarin yakan bambanta ne idan akwai zamba tun daga farko, ko kuma an ba da cak alhali an san babu kuɗi a asusu, wanda dokar 1977 ta mai da shi laifi.

Hanyar da ta dace ita ce kotun farar hula. Musulmin Bauchi na iya zuwa kotun shari'ar Musulunci, akwai kuma kotun majistare. Ga kotunan ƙananan basussuka da Legas ta fara a 2018, Kano da wasu jihohi, ciki har da Bauchi, suka bi sahu. An tsara su ne domin mai ƙara ya cike takarda ya tsaya wa kansa ba sai da lauya ba, a kuma yanke hukunci cikin ɗan lokaci.

Sai dai kowace kotu hujja take nema. Alƙali bai san darajar mutum a kasuwa ba. Abin da ke gabansa shi ne waye ya ba da me, yaushe, a kan nawa. Takarda guda mai ɗauke da suna da adadi da ranar biya da sa hannun shaidu biyu takan wadatar. Dokar Shaida ta 2011 ta kuma amince da bayanan da suka fito daga na'ura, don haka saƙon WhatsApp da shaidar tura kuɗi ta banki na iya shiga gaban alƙali idan an cika sharuɗɗan sashe na 84. Abin mamaki, ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, cikin suratul Baƙara, kan rubuta bashi take magana, amma har yanzu wasu na ganin neman rubutu rashin yarda ne da ɗan'uwa.

Akwai kuma batun rajista. Yawancin masu shaguna sunan kasuwanci kawai suke yi wa rajista a hukumar CAC, suna zaton hakan ya raba dukiyar shago da ta gida. Bai raba ba: idan shago ya ci bashi, ana iya bin motar mai shi da sauran kadarorinsa. Kamfani mai iyakantaccen alhaki ne ke da wannan katangar, kuma tun da aka sa wa dokar kamfanoni hannu a watan Agustan 2020, mutum ɗaya tilo na iya kafa ƙaramin kamfani ba sai ya nemo abokin tarayya ba.