Saukata a Galmi

Na yi alkawari zan ba ku labarin tafiyata, to, ga shi.

Da na gama kwalejin horon malamai, ikilisiyarmu ta aike ni Jamhuriyar Nijar in koyar da yara. Muka ƙetare iyaka ta Illela, muka bi ta Birnin Ƙonni, da la'asar muka sauka Galmi, inda mishan na SIM ke da asibiti tun 1950.

Ni kuwa a raina cewa nake, ai ƙasar Hausa ce, me zai ba ni wuya? Ashe da saura. Makaranta a can lakwal ce, littafin rubutu kaye, karatun boko kuwa da Faransanci. Kuɗi ma da dala suke ƙirgawa, watau sefa 5, har mai tallar gyaɗa ta yi mini dariya.

Amma abin da ya hana ni barci daban ne. Rana ta uku wata uwa ta kawo 'yarta, ta tsaya bakin ƙofa, ta ce, "Malama, mu Musulmi ne. Me za ki koya mata?" Gabana ya faɗi. Na ga ɓoye-ɓoye ba zai yi ba. Na ce, "Inna, karatu da lissafi, da safe kuma muna addu'a irin tamu. In ba ki so, ta zo bayan addu'a."

Ta dube ni ta daɗe, ta tafi. Kashegari yarinyar ta iso ƙarfe 8 da rabi, riƙe da allonta.