Waya Da Kiwon Lafiya: Amfanin Shiga Ƙungiya

A shekarar 2016 gwamnatin Indiya ta fara wani shiri mai suna Kilkari. Kowane mako ana kiran mai juna biyu a waya kyauta, daga wata na huɗu har jariri ya shekara. Ana tuna mata awon ciki, shayarwa da allurar rigakafi.

A ko'ina, matasa sun fi saurin cin moriyar irin wannan shiri, domin sun saba da waya. Manyan mata kuwa, waɗanda ake jin shawararsu a gida, danne-dannen waya yana ba su wuya.

Amma wadda ke zuwa taron ƙungiyar mata ko ajin yaƙi da jahilci ba ta rasa mai nuna mata. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai dai waya tunatarwa ce kawai, awo yana asibiti.