Beguwar Asante: me tambarin Kumasi ke cewa, kuma ina matsayin ɗan Zango?

Duk wanda ya taɓa ratsa Aboabo ko Asawase ranar da Kotoko ke da wasa ya ga hoton nan: wata dabba mai ƙayoyi a gadon baya, a jikin jajayen riguna, a gilashin tasi, har a bangon shagon mai aski. Beguwa ce. Tonawa, kamar yadda muke kiran mutanen Asante, suna ce mata kotoko. Da yawa cikin samarinmu sun ɗauka alamar ƙwallo ce kawai, alhali ta girme wa ƙwallon nesa ba kusa ba. Ita ce tambarin masarautar Asante.

To, me ya sa masarautar da ta gagari maƙwabtanta ba ta zaɓi zaki ko giwa ba? Amsar tana cikin halin dabbar. Beguwa ba ta farautar kowa, saiwa da 'ya'yan itace take ci. Amma wanda ya taɓa ta, shi zai ba da labari. Mutanen dā sun ɗauka harba ƙayoyinta take yi kamar kibau. A gaskiya ba ta harbi; baya take ja ta soki mai binta, ƙayar ta zauna a jikinsa, wata kuma ta tsiro a gurbinta. Daga nan kirarin Asante ya fito, wanda ma'anarsa ita ce in ka kashe dubu, wasu dubu na tafe. Wato ƙarfin ƙasa ba jarumi ɗaya ba ne, jama'a ce da ba ta ƙarewa.

Beguwa ba ita kaɗai ba ce. Sama da ita akwai kujerar zinariya, wadda tarihin baka ya ce bokan fada Okomfo Anokye ne ya sauko da ita ranar wata Juma'a a zamanin Sarki Osei Tutu, wanda ya karya Denkyira a 1701. A wurinsu ran al'umma yana cikinta, shi ya sa ba a hawanta, ko Sarki ba ya hawa, kuma ba a bari ta taɓa ƙasa. A 1900 gwamnan Ingila Frederick Hodgson ya zo Kumasi ya nemi a kawo masa ita ya zauna. Wannan katoɓara ce ta tayar da yaƙin da Yaa Asantewaa ta jagoranta. Turawa sun ci yaƙin, amma kujerar ba ta shiga hannunsu ba. Tutar masarautar kuwa launi uku ne manya: ruwan zinariya don arzikin ƙasa, kore don daji, sai baƙi a tsakiya.

Yanzu ga tambayar da wasu ke yi a majalisa: mu fa, ina namu a ciki? Ba tambayar banza ba ce, don tarihinmu da Asante yana da zaƙi yana da ɗaci. Fataken Hausa sun daɗe suna bin hanyar Gwanja zuwa Salaga sayen goron da ke fitowa daga dajin Asante. Baturen nan Bowdich da ya zo Kumasi a 1817 ya tarar da Musulmi a kusa da fada ana shawara da su. Babbar rigar yaƙin Sarki ma, batakarikese, cike take da layu, aikin malaman arewa. A ɗaya ɓangaren kuma, akwai sojojin Hausa cikin rundunar Turawa a yaƙin 1874 da aka ƙone Kumasi, haka ma a 1900. Bayan haka ne zangon Kumasi ya cika ya batse. Dattawa kuma ba su manta 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta kafa dokar korar baƙi, aka wayi gari wasu gidajen Zango babu kowa.

Abin da ya sassauta wannan tsami, wani ɓangarensa a filin ƙwallo aka yi shi. A 1935, shekarar da aka maido da haɗin kan masarautar ƙarƙashin Prempeh na Biyu, aka kafa Asante Kotoko da beguwa a ƙirji. Duba sunayen da suka ɗaga ta. Ibrahim Sunday ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 1971, Abdul Razak a 1978. Babban filin wasan Kumasi kuwa sunan Baba Yara yake ɗauke da shi, ɗan wasan da haɗarin mota ya nakasa a 1963, ya rasu a 1969. Kulob ɗin ya ɗauki kofin zakarun Afirka a 1970 da 1983. In ana ƙirga dubun da ke tafe, ai da sunayen Musulmi a ciki.

Akwai masu ƙyamar tambarin saboda addini, kuma damuwarsu abin saurare ce. Musulmi ba ya yarda cewa ran mutane yana cikin kujera, kuma ba ya zuba wa kakanni giya. Amma girmama alamar masu masauki daban, bauta mata daban. Sarakunan Zango suna zuwa gaisuwa fadar Manhyia da rawunansu, wurin Otumfuo Osei Tutu na Biyu da ke kan mulki tun 1999, su dawo su yi sallarsu, ba abin da ya ragu.

Saboda haka in yaronka ya tambaye ka wace dabba ce a rigarsa, kada ka tsaya ga ce masa ta Kotoko ce. Faɗa masa sunanta da Hausa, ka ba shi labarin Salaga da na 1900, mai daɗi da marar daɗi. Yaron da aka haifa a Kumasi ya cancanci ya san tambarin garinsu, ya kuma san yadda kakanninsa suka zo suka zauna a cikinsa.