Ma'aunin Bakin Kogi da Dutsen Murjani: Wa Ya Fi Sanin Tarihin Ambaliya?

Kogin Burdekin da ke jihar Queensland, a arewa maso gabashin Ostiraliya, kogi ne mai halin ba-zata. Wata shekara da ƙyar yake kai ruwa teku, wata shekara kuma ya cika ya tumbatsa, kamar yadda ya yi a 1974. Ruwan da yake kwasowa yana fitowa ne daga faɗin ƙasa mai kimanin murabba'in kilomita 130,000, ya zuba shi a cikin teku kusa da katafariyar katangar murjanin nan ta Great Barrier Reef. Duk mai son ya gina dam ko gada a kan irin wannan kogi dole ya san tarihin cikarsa. Shaidu biyu ke ba da wannan tarihi: ma'aunin ruwa da mutum ya kafa a bakin kogi, da kuma dutsen murjani da ke girma a ƙarƙashin teku.

Na farkon kowa zai gane aikinsa. Ana kafa shi a wani wuri tsayayye, ana rubuta tsawon ruwa, daga nan a lissafa yawan da ke wucewa a kowace daƙiƙa. Yana faɗin rana, yana faɗin sa'a. Idan aka ce ruwa ya kai ƙololuwa ranar kaza da tsakar dare, daga bakinsa aka ji.

Na biyun yana buƙatar ɗan bayani. Murjanin da ake magana a kansa ba irin jan nan ne da mata ke ado da shi ba. Wasu ƙananan halittu ne da ke zaune a haɗe, suna gina wa kansu gida na farin dutse. Nau'in da ake kira Porites yakan yi curi kamar ƙaton tulu, yana ƙaruwa da kimanin santimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi a shekara, ya ɗauki ɗaruruwan shekaru yana raye. A 1972 aka nuna da hoton eksire cewa dutsen yana da layi-layi, kowace shekara da nata. Sai a 1984 Peter Isdale, na Cibiyar Nazarin Kimiyyar Teku ta Ostiraliya da ke kusa da Townsville, ya bayyana cewa idan aka haska yankakken dutsen da fitilar ultrabayolet, wasu layuka kan yi ƙyalli, kuma masu ƙyalli sosai sun zo daidai da shekarun da Burdekin ya yi ambaliya.

Ta fuskar tsawon zamani, tazarar da ke tsakanin shaidun biyu babba ce. Awon Burdekin a rubuce bai wuce ƙarni ɗaya da 'yan kai ba. Murjani kuwa ya kai masana har tsakiyar ƙarni na 17, tun kafin wani Bature ya sa ƙafa a gaɓar yankin. Ƙarni guda ba abin rainawa ba ne, amma ga kogin da manyan ambaliyoyinsa ke zuwa jefi-jefi, shekara ɗari ba ta isa a ce an ga iyakar abin da zai iya yi ba. Aikin Janice Lough da abokanta a kan waɗannan duwatsu ya nuna jerin shekarun damina mai ƙarfi da na fari, da yadda suke bin sauyin nan na tekun Pasifik: El Niño ya kawo fari, La Niña ta kawo ruwa.

Ta fuskar daidaito kuma, ma'aunin bakin kogi ne gaba nesa ba kusa ba. Murjani bai san rana ba, damina ya sani. Ba zai iya bambanta ambaliya ɗaya mai tsanani da matsakaita guda uku da suka biyo juna ba. Sannan ba a cikin kogin yake zaune ba. Abin da ya iso gare shi kawai yake rubutawa. Ruwan Burdekin in ya shiga teku yakan bi gaɓa ya yi arewa, to idan iska ta karkatar da shi, murjanin da ke wani tsibiri zai ɗauka ba a yi ruwa sosai ba. Idan kuma wasu ƙananan koguna suka zubo nasu, duka zai haɗa ya rubuta. Hatta sanadin ƙyallin, masana sun yi saɓani: wasu sun ce sinadaran ruɓaɓɓen ganye da ƙasa ne da kogi ya kwaso, wasu suka ce raguwar gishirin teku ce ke sauya ginin dutsen.

Sai dai kada a ɗauka ma'aunin mutum ba shi da tasa tawayar. Ranar da aka fi buƙatarsa ita ce ranar da ya fi rauni. Babbar ambaliya na iya tafiya da kayan awon, ko ruwa ya wuce duk matakin da aka taɓa gwadawa, a koma hasashe. Ga shi kuma kogin kansa ya sauya: tun da aka kammala dam ɗin Burdekin Falls a 1987, abin da ake aunawa a ƙasansa ba tsohon halin kogin ba ne zalla.

Akwai tambaya guda da murjani kaɗai ya amsa, kuma a ganina ita ce ta fi nauyi. An daɗe ana gardama ko kiwo da noma sun ƙara yawan laka da ke kwarara cikin teku, ko kuwa haka kogin yake tun fil'azal. Ma'auni ba shi da ta cewa, don an kafa shi ne bayan shanu sun riga sun cika daji. A 2003 Malcolm McCulloch da abokansa suka auna sinadarin bariyam, wanda ke zuwa tare da laka, a cikin murjanin tsibirin Havannah. Suka tarar cewa bayan wajen 1870, lokacin da Turawa suka shigo da dabbobinsu, lakar ta ninka sau biyar zuwa goma.

Duk da haka, murjani ba ya iya magana sai da tafinta. Ƙyalli ba lita ba ne. Kafin a ce wannan layi yana nufin ruwa kaza, sai an jera shekarun da shaidun biyu suka yi tarayya a cikinsu, a gwada ɗaya da ɗaya, sannan a yi amfani da ƙa'idar a kan shekarun baya. Inda babu ma'auni, murjani zai ce an yi ruwa da yawa, amma ba zai ce nawa ba.

Saboda haka hukuncina ya rabu biyu. Injiniyan da ke neman tsawon da zai ba gadarsa, ya riƙe ma'aunin bakin kogi. Amma kafin ya yarda cewa ambaliyar da ya gani a takarda ita ce mafi girman da kogin zai iya kawowa, ya je ya duba murjani.