Awon karatu a bayyane a makarantun Damagaram: abin da agogo ba ya ƙirgawa

Tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973, tambaya ɗaya ke dawowa: ta yaya za mu tabbatar yaro ya iya karatu? Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake bukata ba, amma da Faransanci aka yi awon. Yanzu da dokar ƙasa ta 2025 ta mai da Hausa harshen ƙasa, dole mu san yadda ake awon da Hausa.

Hanyar da ta yaɗu ita ce EGRA, wadda cibiyar RTI ta Amurka ta tsara daga 2006. Ana miƙa wa yaro gajeren labari, ya karanta da ƙarfi na minti ɗaya, mai awo ya cire kurakurai, ya rubuta yawan kalmomin da suka fito daidai. Hanya ce mai arha, ba kuma ma raina ta. Sai dai an gina ta kan Ingilishi, rubutunmu kuwa yana da tasa matsalar.

Ƙa'idar rubutun Hausa ta Nijar ta 1999 ba ta nuna karin sauti ko tsawon wasali. Mu dubi wannan misali:

(1) Sai ya tafi.
a. ya gajere, sauti sama: « puis il partit »
b. ya gajere, sauti ƙasa: « qu'il parte »
c. ya dogo, sauti sama: « il faut absolument qu'il parte »

Baƙaƙe da wasula iri ɗaya, ma'ana uku. Yaron da zai furta daidai sai ya riƙe abin da ya gabata, wani lokaci ma ya leƙa gaba. Wanda ya ɗan dakata ya zaɓi karin da ya dace ya fahimci labarin, amma agogo ya rage masa maki. Wanda ya zarce da sautin da ya zo bakinsa kuwa, in mai awo haruffa kawai yake bi, ya ci cikakken maki. Haka abin yake ga gari (ville, farine) da kuka (pleurs, baobab). A ganinmu kuskuren kari ko na tsawon wasali mai sauya ma'ana kuskure ne, ya kamata a ware masa gurbinsa a takardar awo.

Karin harshe kuwa ba kuskure ba ne. Yaron da iyayensa suka zo daga Maraɗi ko Tawa, in ya ga fari ya ce hwari, ya karanta. Haka ɗan gidan da ake jin Barbarci, wanda ƙ da ɗ ke yi wa nauyi: matsalarsa ta furuci ce.

Ita kanta kalma, mene ne ma'auninta? Gidansu ɗaya ce, leur maison biyu. Muna haɗe zai, muna raba za su. Saboda haka adadin kalmomi a minti da aka tsayar wa yaran Amurka ba ya ƙaura zuwa Birni ko Zango haka kawai. Ƙirga gaɓoɓi ya fi adalci, tun da gaɓar Hausa ba ta wuce siga uku.

Saura batun hadda, wanda duk malamin da ya koyar a nan ya sani. Yawancin ƴan ajin sun biyo ta makarantar allo, kunnensu ya horu, kuma a boko ma ajin kan maimaita bayan mushe baki ɗaya. Mun sha ganin yaro na rera shafi guda ba gargada, idonsa na kan taga. Don haka labarin awo ya zama sabo fil, a bi shi da tambayoyi huɗu ko biyar. In da hali a ɗauki muryar a waya, mutum biyu su saurara kowa shi kaɗai, sannan a gwada takardunsu.