Jini Bayan Kwanciyar Aure: Abin da Matan Kurfai Ke Ɓoyewa

A ƙasar Kurfai, idan mace ta ga ɗigon jini a zanenta bayan kwanciyar aure, tambayar da ke fara zo mata ita ce ko sallarta ta halatta. Sai ta aika wa malam ta bakin wata, a ce mata jinin ciwo ne, ta yi tsarki ta ci gaba da ibada. Ta fuskar addini an ba ta amsa, amma ba wanda ya duba inda jinin ya fito. Wata kuma ta ce sanyi ne, ta jira kasuwar Lahadi ta Filinge ta sayi jiƙo ko ƙwayoyin 'yan tebur.

Sau da yawa abin mai sauƙi ne: kumburin bakin mahaifa, ɗan tsiro, ko bushewar gaba ga wadda ta daina al'ada. Amma wannan jini yana cikin alamomin farko na kansar bakin mahaifa, wadda ƙwayar cutar HPV ke haddasawa. Ƙwayar kan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ta zama kansa. Yarinyar da ta ɗauke ta tana amarya, sai ta kai uwar 'ya'ya shida ciwon ya bayyana. A Nijar, inda kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ke aure kafin shekara 18, ga yawan haihuwa, haɗarin a fili yake.

Abin da ke min ciwo shi ne arhar binciken. Ungozoma ta shafa ruwan binegar a bakin mahaifa, ta haska fitila, cikin minti ɗaya wurin da ya fara lalacewa ya yi fari, a ƙone shi a ranar. Da cibiyar lafiya ta ƙauye (CSI) na da horarriyar ungozoma da kayan aiki, da an gama.

Gwamnati ta yi nata yunƙurin: tun 2007 aka ce maganin kansar mata kyauta ne, a 2021 kuma cibiyar yaƙi da kansa ta Yamai ta fara gashi da na'ura. Sai dai daga Filinge zuwa Yamai kusan kilomita 180 ne, kuɗin mota da masauki da abincin mai jinya duk a wuyan mai gida suke. Rashin tsaro a yankin Tilaberi ya ƙara nisanta mutanen karkara da likita. Shi ya sa mata da dama ba sa isa asibitin Issaka Gazoby na Yamai sai jini ya ƙi tsayawa, ruwa mai wari ya fara zuba.

A ganina, gyaran yana hannun mutum biyu kafin gwamnati: mijin da ya fara ganin jinin, da malamin da aka fara tambaya. Malam, in ka gama bayanin tsarki, ka ƙara mata da cewa ta je ungozoma ta duba ta a cikin makon nan.