Maraɗi: Inda ake samun tsuntsun da ake jin kukansa ba a ganinsa

Manoma da makiyaya da yawa a kudancin jihar Maraɗi sun san kukan: fito mai zaƙi daga cikin duhuwa, nan take kuma wata ƙara mai kaushi ta biyo baya. Mai saurare zai ɗauka tsuntsu ɗaya ne, alhali biyu ne. Namijin ne ke fito, macen ta amsa masa ba tare da jinkiri ba.

Masana na kiran wannan tsuntsu Laniarius barbarus, da Faransanci kuma gonolek. Tsawonsa kusan santimita 22 ne. Bayansa baƙi ne, ƙirji da ciki ja wur, ga rawaya a ka kamar hula. Duk da wannan ado, ganinsa sai an yi haƙuri, domin cikin sarƙaƙiya yake yini yana farautar fāra da tsutsotsi, a can kuma yake sheƙa.

Ina za a nufa?

Mai neman sa daga Gangara, a gundumar Gazawa, ya fara da gane irin wurin da yake so. Ba ya zama a fili ko a gonar da aka share ƙal. Kurmi yake bi, inda geza da magarya da sabara suka haɗe, musamman a bakin gulbi ko tabki.

Mafi kusa su ne gandayen Ɗan Kada Dodo da Ɗan Gado da ke gundumar Agye, waɗanda hukuma ta keɓe. Sai kwarin Gulbin Kaba, inda ake samun ƙananan itatuwa a tsakanin goriba. A kudu maso yamma akwai tabkin Madarumfa, sannan dajin Baban Rafi da ke kan iyaka da Najeriya, wanda ke cikin manyan dazuzzukan da suka rage a jihar. Ko a waɗannan wurare, sai a nemi ɓangaren da gatari bai ci ba.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga ketowar alfijir zuwa hantsi. A tsaya nesa kaɗan, a yi shiru, a bi sautin da kunne, sannan a zuba ido a ƙananan rassa. Wanda ya kutsa cikin kurmin korar sa kawai zai yi. Da yake ma'auratan ba sa yawan barin yankinsu, inda aka ji su yau akwai yiwuwar a sake jin su gobe.

Itatuwa sun dawo, kurmi fa?

Maraɗi ta yi suna a duniya wajen farfaɗo da itatuwa a gonaki. Tun 1983 Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostireliya, ya fara aiki da manoman yankin kan barin tohon kututture ya girma. An ƙiyasta cewa dabarar ta mamaye kusan eka miliyan 12 a Nijar, da itatuwa kusan miliyan 200, kuma ƙauyen Ɗan Saga na Agye na cikin wuraren da ake kafa misali da su.

Sai dai manomi yakan sassabe ƙananan rassa domin gero ya samu rana. Hakan na amfanar gona da tsuntsayen da ke zama a saman gawo, amma ba ya ba mai son duhuwa mafaka. Sauran kurmin kuma yana fama da saran itacen girki da faɗaɗa gonaki. Tsuntsun ba ya cikin waɗanda ake fargabar ƙarewarsu a duniya, domin ana samun sa daga Senegal har zuwa Chadi, amma idan aka share kurmin wani gari, kukansa zai ɗauke daga garin.

Batun tsaro

Yankunan Madarumfa da Gidan Rumji sun sha fama da 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane, kuma tun 2019 dubban 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsallako cikinsu. Don haka kada kowa ya shiga Baban Rafi sai ya tuntuɓi jami'an gandun daji da mai gari, ya kuma tafi da ɗan gari.

Wanda ya dace da gani ko jin tsuntsun zai iya rubuta wuri da rana a manhajar eBird. Irin waɗannan bayanai ne masana ke amfani da su wajen gane kurmin da ya kamata a fara karewa.